Kifi Huɗu a Kabad ɗin Rahmatu

Duk wanda ya zauna a Gwandu a shekarar da aka yanke jihar Kabi daga Sakkwato, in bai san Haliru Legas ba, to ya san gashin bakinsa. Gashin baki ne ba na wasa ba, baƙi wuluk, ya miƙe hagu da dama ya lanƙwasa sama kamar ƙahon bijimi. Kullum da safe sai Haliru ya shafa masa man kaɗanya ya murza shi kafin ya karya kumallo. Ya ce tun ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa a Legas aska ba ta ƙara taɓa wurin ba, shekara ashirin da uku ke nan.

Masinja ya yi a wani kamfanin Turawa har ya ajiye aiki, amma in kana sauraronsa a majalisar gindin dogon yaro sai ka rantse shi ke ba Turawan shawara. Ba a taɓa kawo zancen da Haliru bai ga wanda ya fi shi ba. In aka ce wance ta haifi tagwaye, a Legas ya ga mai 'yan biyar. In aka ce yau ana rana, sai ya murza gashin baki ya ce, “Rana? A Legas mun soya ƙwai bisa kwalta.” Mutane sun gaji da musu, sai dai su ce to.

Wata Talata labari ya zo daga Kalgo cewa 'yarsa Nana ta sauka lafiya. Wanda ya kawo labarin Atiku ne, ƙanin matarsa Rahmatu, kuma taubashinsa. Atiku masunci ne gaba da baya, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa da Haliru sun rabu ba a yi tsiya ba. Ya zo da a-kori-kura ya sauke kwandunan banda a kasuwa, zai koma da yayarsa ta zauna wa mai jego. Kafin ta gama haɗa kaya ya biyo majalisa, ya ajiye wa dattawa tsarabar kifi.

Haliru ya ɗauki guntu ya jujjuya, ya taɓe baki. “Ku dai ba ku san komi ga kihi ba sai ƙona shi. A Legas, falon Ogana, kihi na zamne cikin gilashi awa mutane. Kana shan shayi suna kallon ka, kana kallon su. Akwariyon a sunan abin.”

Atiku ya ce, “Waɗanga 'yan mitsi-mitsin masu launi? Na gane su ga kalanda. Kyanwa ba ta ƙoshi da goma.”

“Wane mitsi-mitsi! Manya, awa cinyata! Kuma ni ka kiwon su.”

“To ɗan tudu, ga giwan ruwa, ga tsage, ga tarwaɗa, ga minjirya. Huɗun ga ko cikin gulbi, da duk hwaɗinai, ba su gaisawa. Kana iya zamnad da su gida guda?”

“Rashin tarbiyya na,” in ji Haliru. “Kun bar su awa awakin sake. Ba ni su kwana arba'in ka ga suna cin tuwo akushi guda.”

“Arba'in ta yi nisa. Daga gobe zuwa ranas suna ya isa.”

Malam Siddiƙu, tsohon magatakardan kotu kuma dattijon majalisa, ya gyara tabaransa mai ɗaure da zare. Tun da ya bar aiki yake marmarin shari'a, yau ga ta har gindin itace. Nan take ya tsara magana: ranar suna da la'asar, in aka tarar da kifin nan huɗu da rai a cikin gilashi ɗaya, Atiku zai durƙusa a tsakiyar kasuwar Kalgo ya kira Haliru Sarkin Ruwa, maroƙi na amsawa. In kuwa ko ɗaya ya mutu...

“Gashin baki,” in ji Atiku. “Sule wanzami shi kwashe shi nan gaban jama'a.”

Hannun Haliru ya kai kan gashin bakin bai sani ba. Amma idon majalisa duka na kansa, kuma baki ya riga ya yi gaba. Ya ce, “Ka hwara wanke gwiwarka tun yanzu.”

Sai da motar su Rahmatu ta ɓace sannan ya tuna da wani ɗan ƙaramin abu: ba shi da gilashi. Ya zagaye Gwandu kaf, babban gilashin da ya samu shi ne madubin teloli. Ya dawo gida, ya leƙa ɗakin matarsa don ya sha ruwan randa, sai idonsa ya sauka kan kabad.

Kabad ɗin nan fa shi ne ran Rahmatu. Shekara shida ta yi tana matsar mai tana suyar ƙuli-ƙuli kafin wani kafinta a Birnin Kabi ya ƙera mata shi. Ya kai kafaɗar mutum tsawo, gaba gilashi, gefe da gefe gilashi, ciki kuwa jeren tasoshi da fanteka da samira suna ƙyalli. Ko hularsa Haliru bai isa ya ɗora a kai ba. Maganarta ta ƙarshe ma da za ta shiga mota ita ce, “Malam, a kula min da ɗaki, kada kaji su shiga.” Kaji dai ba su shiga ba.

Kafin azahar ɗin Laraba ya kwashe kwanukan ya tura ƙarƙashin gado, ya cire katakan ciki, ya sa zarto ya fille saman. Ya roƙo kwalta wurin masu aikin hanya ya liƙe ƙofofin, ya ɗaure abin da robar taya zagaye uku, ya shafe katakon da shuɗin fenti. Ƙarti huɗu suka ciccibo shi zuwa zaure, 'yan ga-ruwa suka yi ta juyewa ta sama har ya cika.

Azumi, maƙwabciyarsu mai tuyar masa a ƙofar gida, ta leƙo da matankaɗi a hannu. Ta daɗe tana kallo. “Malam Haliru, wanga bai yi kama da kabad ɗin Rahmatu ba?”

“Kamfani guda yay yi su. Nata na kwanoni na, wanga na kihi.”

“To mi as sa shina zuba ta gindi?”

“Numhwashi na shika yi. Ke koma ga masarki.”

Da la'asar Atiku ya iso da gangunan ƙarfe huɗu, kowace da mai ita. Ya dubi kabad, ya dubi Haliru, ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Taubashin kirki ba ya ɓata wasa tun da wuri. Aka juye giwan ruwa, fari tas, tsawon hannun mutum, da baki kamar jakar wanzami. Aka juye tsage mai jar wutsiya, haƙora a waje ko ya rufe baki. Aka juye tarwaɗa, baƙa, mai sulɓi, da gashin bakinta zara-zara. Haliru na ganinta ya ji ta kwanta masa a rai, ya ce wannan daga gani 'yar babban gida ce. Ta ƙarshe minjirya, gajera, lukuta, da 'yan idanu kamar na mai jin barci. Ita Atiku bai yarda ko ruwan gangarta ya taɓa shi ba.

“Wagga dai kada ka kai mata hannu,” in ji shi. “In ta harbe ka sai ka kira sunan kakarka.”

“Ni? Ni da nir riƙa gyara lantarkin kamfani da hannu tsirara?”

Unguwa ta cika zaure har waje. Haliru ya hau turmi, ya ƙwanƙwasa gilashi, ya yi wa kifaye jawabi. Ya gaya musu nan ba gulbi ba ne, gidan mutunci ne, babba ya ji tausayin ƙarami, ƙarami ya girmama babba. Bai sauke numfashi ba tsage ya zabura ya yage wa giwan ruwa rabin wutsiya. Giwa ya juyo ya kai masa cafka, ya kuskure, ya sha gilashi da ka, kabad ya yi girgiza. Mata suka yi baya suna salati.

“Gaisuwa ta,” in ji Haliru. “Haka suka yi in sun ga juna sabo.”

Wani tsoho ya ce, “Allah shi raba mu da irin gaisuwag ga.”

Atiku ya yi sallama yana dariya har da riƙe ciki, ya ce sai Talata.

Haliru ya zauna ya yi nazari irin na masana, ya gano cewa yunwa ce ke kawo faɗa, ko a cikin mutane. Saboda haka ranar Alhamis ya zuba musu tuwon dawa malmala uku. Ya bi da ƙuli-ƙulin Rahmatu, ya kawo fura ya dama musu don su kora. Kafin yamma ruwan ya koma kunu. Masu zuwa kallo suka riƙa manna fuska a gilashi ba su ganin komai, sai can wani abu ya wuce fuu, a ji dum.

“Mi ka hwaruwa ciki?” in ji Azumi.

“Shawara suka yi. Ba a shawara a bainar jama'a.”

Da safiyar Juma'a aka gama shawara. Haliru ya fito ya tarar da tsage a saman ruwa, ciki sama, haƙoransa a waje kamar yana yi masa dariya. Ya tsaya ya dafe gashin baki da hannu biyu. Tsoro ya kama shi na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya ɓata a gadar Legas. Mai hankali a nan zai tafi wurin Malam Siddiƙu ya ce a yi masa sassauci. Haliru kuwa ya jawo ƙyauren zaure ya rufe, ya rataya tabarma a taga, ya sanar cewa kifaye sun shiga horo, ba mai ƙara ganin su sai ranar suna.

Ya sa aka sake ruwa. Ya cusa wa gawar tsage tsakuwa a ciki, ya ɗaura mata baƙin zare ya rataye ta a tsakiyar ruwa, ta tsaya cak kamar mai tunani. Ya ja da baya ya duba, ya ce wallahi ta fi kyau haka, ga natsuwa. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne 'yar babban gida. Kafin ya dawo daga masallaci tarwaɗa ta fara aiki ta wajen wutsiya, kafin wayewar garin Asabar ba abin da ya rage a jikin zare sai kai da ƙayar baya.

“Haba baiwar Allah,” in ji Haliru, “ke da nike ganin girmanki?” Tarwaɗa ta karkaɗa gashin baki ta koma gindi.

Nan ma bai karaya ba. Ya ɗauko tulu ya kwantar a ƙasan kabad, ya tura ƙayar ciki ya bar kan a bakin tulun, sai ka ce mai leƙowa daga ɗakinsa. Duk wannan aiki da muciyar Rahmatu ya yi shi, yana tsaye a kan turmi. Mai gyaran lantarki da hannu tsirara bai yarda ko farcensa ya taɓa ruwan ba.

Ranar Lahadi giwan ruwa, da yunwa ta ishe shi kuma tuwo ba cimarsa ba ne, ya dubi minjirya tana kwance luƙus kamar curin fura, ya ga abin nema ya samu. Ya hangame baki ya kai mata. Haliru na tsaye ya ga ikon Allah: giwa ya sandare, ya yi tsalle har ya fantsama masa ruwa a fuska, ya dawo ya kife. Minjirya ko gyara kwanciya ba ta yi ba. Haliru ya yi salati, ya tafi neman tulu na biyu. Tarwaɗa kuwa ta gode.

Zuwa Litinin wani sabon baƙo ya sauka a unguwar, wato wari. Ƙudaje suka yi sansani a ƙyauren zaure. Kyanwoyin unguwa, har da waɗanda ba a san masu su ba, suka jeru a kan katanga suna jiran a buɗe. Haliru ya kwaso turaren wutar Rahmatu, wanda take ɓoyo don sallah, ya banka shi duka, zaure ya koma kamar ana kai amarya a bakin kwata.

Azumi ta buga ƙyaure. “Malam Haliru, masu sayen masa sun gudu! Mi am mutu cikin zauren ga?”

“Ba abin da am mutu. Ƙamshin teku na. Ke da ba ki taɓa wuce Kambaza ba, ina za ki san shi?”

“In haka teku take, Allah shi ba mutanen Legas haƙuri.”

Shi kuwa yana ciki yana ƙarasa fasaharsa. Ya ɗaura wa kowane kai baƙin zare, ya bi da shi ta saman kabad, ya sauko ta baya, ya yi masa hanju, wato ɗan zarge, daidai babban yatsan ƙafa. Na hagu na tsage, na dama na giwa. In ya zauna a gefe ya baza babbar riga ya motsa yatsa, sai kai ya yi sama ya yi ƙasa a bakin tulu. Ya gwada ya fi sau ashirin, har ya fara tsara yadda zai amsa in Atiku ya durƙusa.

Ranar Talata da sassafe ya tafi Kalgo suna. Aka raɗa wa jariri Isa, aka yanka rago, aka zauna cin tuwo. Da Haliru ya yi shiru da ya tsira da rabin mutuncinsa, amma ina. Ya gaya wa masuntan Kalgo cewa yanzu tsage ba ya cin abinci sai giwa ya fara, minjirya kuwa ta tuba, har shafa ta yake yi. Ya ce duk mai shakka mota na nan. Nan da nan mutum goma sha biyu suka ce suna da shakka.

Rahmatu ta aiko a kira shi bakin ƙofa. “Malam, ina kas samu gilashin da kaka ta hwaɗi?”

“Daga Legas. Tsohon Ogana ya aiko.”

Atiku, da ke bayansa kamar an dasa shi, ya ce, “Yaya, ai abin ga bai kamata a ba ki labari ba. Ki zo ki gani da idonki, gobe in maido ki.”

“Mai jego hwa?” in ji Haliru da sauri. “Wa ka dahwa mata ruwan wanka? A'a, ba a yi haka ba.”

“Kwana guda dai,” in ji Rahmatu, ta juya ɗauko mayafi.

Tun daga Kalgo har Gwandu Haliru bai ce a Legas ba ko sau ɗaya. Allah ya ɗan rufa masa asiri, Rahmatu ta sauka a bakin unguwa don ta miƙa wa wata gwaggonta naman suna. Ya yi wuf ya riga kowa shiga zaure, ya zura yatsu a hanju, ya zauna ya baza riga, sannan ya ce a shigo.

Zaure ya cika maƙil, mutanen Gwandu a dama, masuntan Kalgo a hagu, kowa ya toshe hanci da gefen riga. Sule wanzami ya samu wuri a bakin ƙofa ya shimfiɗa zabirarsa, wai don kada a ce bai zo da shiri ba. Aka ajiye wa Malam Siddiƙu kujera dab da gilashi. Ya goge tabarau ya matsa.

“Ga tarwaɗa, guda. Kai, ta yi ƙiba! Ga minjirya, biyu. Waɗanga na cikin tulu hwa, mi as sa ba su hitowa?”

“Kunya, Allah shi gafarta Malam. Tarbiyyad da nike hwaɗi ke nan. Sun ga manya.” Haliru ya ɗaga murya. “Tsage, gai da Malam!”

Yatsan hagu ya motsa. Kan tsage ya yi ƙasa ya yi sama. Zaure ya ɗauki salati.

“Giwa, kai hwa?”

Kan giwa ya rusuna har sau biyu. Wani daga cikin mutanen Kalgo ya ce shekararsa hamsin a ruwa bai taɓa ganin haka ba. Malam Siddiƙu ya amsa gaisuwa da “Lahiya lau, lahiya lau,” ya gyara murya zai yanke hukunci. Haliru ya kai hannu ya murza gashin baki, ya dubi gwiwar Atiku.

“Allah shi gafarta Malam,” in ji Atiku, “tun da sun gaishe mu, a bari in ba su tukuici.” Ya zaro guntun hanjin ragon suna daga aljihu, ya miƙa hannu ta sama ya sake shi daidai bakin tulun tsage.

Tsage bai kula ba, don ya wuce wannan. Tarwaɗa ce ta taso kamar an harbo ta. Ta cafke hanji ta juya, ƙayar kafaɗarta ta sarƙe zare, ta yi gaba da shi. Sai ga ƙafar Haliru ta hagu ta fito daga ƙarƙashin riga ta yi sama, yatsa a gaba. A cikin gilashi kuma kan tsage ya baro tulu yana lilo, ƙayar baya na biye da shi fes kamar matsefi.

“Mi ag wancan?” in ji Malam Siddiƙu yana laluben tabarau.

“Ramewa yay yi! Horo na!” Haliru ya tsinke zare, ya daka tsalle ya hau turmi. Ba muciya a kusa, kuma idon Malam na gab da isa wurin. Ya naɗe hannun riga ya zurma hannu har kafaɗa don ya mayar da kai cikin tulu.

Minjirya ta yi kwana shida ana damunta da tuwo da muciya da jawabi. Ta matso a hankali ta jingina da hannunsa.

Atiku ya yi gaskiya, sunan kakarsa ya kira. “Wayyo Inna Dije!” Gashin bakin nan ya miƙe tsaye kamar tsintsiya. Ya yi baya, ɗaya hannun na riƙe da bakin kabad, turmi ya gangare. Kabad ya biyo shi, robar taya ta tsinke ta zabga wa wani mutumin Kalgo a wuya, gilashin gaba ya ce tau.

Ruwan kwana huɗu, da dattinsa da warinsa, ya share zaure. Manyan riguna na suna suka koma tsumma. Kan giwan ruwa ya tashi ya sauka a cinyar Malam Siddiƙu, da zarensa, ɗaya bakin zaren kuwa na ɗaure a yatsan Haliru na dama, wanda ke kwance yana shure-shure. Saboda haka kan ya ci gaba da gai da Malam a kan cinyarsa. Minjirya na birgima a tsakar zaure, dattawan da suka shekara suna kukan ciwon gwiwa suka haye dakali kamar samari, sai da Atiku ya tura ta cikin bokiti da kujera. Tarwaɗa kuwa ta ja ciki ta bi ta tsakanin ƙafafu, ta wuce Sule wanzami, ta faɗa kwata, gashin bakinta cif ba abin da ya taɓa shi.

Aka fara dariya daga waje, ta shigo ciki, har masu jiƙaƙƙun riguna suna dafa juna. Sai kuma ta ɗauke ɗif. Rahmatu ce tsaye a bakin ƙofa.

Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi tsorata Haliru. Ta tako cikin ruwan, ta duƙa ta ɗauki wani guntun katako. Marfin kabad ne, shuɗi, da ɗan makullinsa a jiki, da jan zaren da ita ta ɗaura masa da hannunta. Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. Shekara shida ce a gaban wuta take kwance a ƙasa.

“Malam, ina kwanonina?”

“Ƙarƙashin gado, lahiya lau, ko ƙwarzane babu.”

“Wanga hwa? Shi na Oganka ya aiko?”

Haliru ya duba ko'ina cikin kansa, bai samu abin da ya yi kama da wannan a Legas ba.

Malam Siddiƙu ya ture kan kifi daga cinyarsa, ya ce shari'a ta yanke kanta. Aka fito da Haliru gindin dogon yaro, unguwa duka ta biyo, har Azumi ta bar masa a kan tanda. Aka zaunar da shi a kan turmin nan dai. Sule ya wasa aska a tafin hannu, ya jiƙa gefen hagu, ya ja sau uku. Shekara ashirin da uku ta zubo a kan jiƙaƙƙiyar riga. Haliru ya rufe ido. Sule ya zagayo dama.

“Dakata, Sule,” in ji Rahmatu daga cikin mayafi. “Allah shi gafarta Malam, ina da magana. Atiku kihi huɗu yak kawo, ko gobe shina kamo wasu. Ni hwa? Wancan rabin da anka aske na Atiku na. Wanga da yar rage nawa na, kuma ban yarda a taɓa shi ba sai ranad da kabad yad dawo ɗakina.”

Malam Siddiƙu ya ji shari'a mai daɗi irin wadda bai samu ba ko a kotu. Ya juya. “Atiku, ka bar wa yayarka rabin haƙƙinka?”

“Na bar mata, halak malak.”

“To ya zama amana ga hannunka, Haliru. In ka taɓa shi ka ci amana.”

Haliru ya shafa hagu ya ji sumul, ya shafa dama ya ji ƙaho. Mutumin da ya yi shekara ashirin da uku yana gudun aska ya cafke hannun wanzami da hannu biyu. “Sule, don girman Allah ƙarasa! Ja guda na! Rahmatu, ki dubi zumunci!”

“Kahinta yac ce wata huɗu shika yi kahin shi gama irinai,” in ji Rahmatu. “Ka riƙa sa mishi man kaɗe, kada shi lalace min.”

Sule ya naɗe zabira. Masuntan Kalgo suka hau mota da labarin da zai ishe su har kaka.

Washegari da hantsi Haliru ya fito majalisa, don zaman gida ya fi wuya, Rahmatu na jera kwanuka a ƙasa ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa. Ya zauna a karkace, ya ba jama'a gefen dama. Aka gaisa, kowa na kallon ƙasa yana cije leɓe. Can Malam Siddiƙu ya share gumi ya ce, “Kai, yau ana rana.”

Majalisa ta yi tsit, kowa ya juyo. Haliru ya gyara zama, ya buɗe baki, ya kai hannun hagu zai murza. Yatsunsa suka kama iska. Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa.

“Wallahi kuwa,” in ji shi. “Ana rana.”